Shin Ko Kun San? Ƙidayar Itace da Tsuntsu a Adar da Majiya

Shin ko kun san Nijar ta ɗauki alkawari a rubuce, gaban ƙasashen duniya, cewa za ta riƙa sa ido kan itatuwanta da ciyayi da tsuntsaye da namun daji, tana aunawa tana ajiye lissafi? Alkawarin yana cikin Yarjejeniyar Ire-iren Halittu da aka buɗe don sa hannu a birnin Riyo na ƙasar Barazil a watan Yuni na 1992. Ta fara aiki ranar 29 ga Disamba 1993. Nijar ta tabbatar da ita a 1995, Najeriya ta riga ta da shekara guda. Yau ɓangarori 196 ne a cikinta. Amurka ta sa hannu, amma majalisarta ba ta tabbatar ba.

Shin ko kun san sashe na 7 na wannan yarjejeniya ya ɗora wa kowace ƙasa nauyi huɗu? Ta gano halittun da ke da muhimmanci a ƙasarta. Ta riƙa bibiyarsu, musamman waɗanda ke bakin ƙarewa. Ta gano ayyukan da ke yi musu illa, ta bi sawun illar. Sannan ta tsara abin da ta gano, ta adana. Sashe na 26 ya ƙara da cewa sai ta kai rahoto. Ke nan gawon da ke tsaye a gonar wani bawan Allah a Buza, da kirinjijiyar da ke sauka a tabki da rani, da irin geron da tsoho ya rataye a rumbu don shukar baɗi, duka suna cikin abin da aka yi alkawari a kansa.

Sai dai an sassauta lafazin. Sashen ya fara da cewa ƙasa ta yi haka gwargwadon iko, kuma yadda ya dace. Babu tara, babu ɗauri ga wadda ta gaza. Sashe na 20 ma ya faɗa a fili cewa cikar alkawarin ƙasashe masu tasowa ya rataya ne a kan yadda ƙasashe masu arziki suka cika nasu na kuɗi da fasaha. Wannan magana gaskiya ce, kuma dole mu riƙa tuna musu da ita. Amma ni ban ɗauke ta hujjar naɗe hannu ba, don ƙasar da za ta zaizaye tamu ce, tabkin da zai cike da yashi namu ne.

Shin ko kun san wace hukuma ke riƙe da wannan aiki a Yamai? Ita ce CNEDD, majalisar ƙasa ta muhalli da ci gaba mai ɗorewa, da aka kafa a 1996 ƙarƙashin ofishin Firaminista. A cikin gida kuma dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 ce uwar sauran.

Shin ko kun san abin da masana ke kira ma'auni ba baƙon abu ba ne a wurinmu? Manomi ba ya ƙirga ƙwayar gero. Dami yake ƙirgawa: bara gonar nan ta ba da arba'in, bana ashirin da biyar, to ya san akwai magana. Mai awo a kasuwar Madawa ba ta auna buhu da ido, tiya take sawa. Ma'aunin halittu haka yake: abu ɗaya da za a iya ƙirgawa, wanda zai ba da labarin abubuwa da yawa da ba a iya ƙirgawa. Sharaɗinsa ɗaya ne da na tiya. In ta bana ta fi ta bara girma, ko ta Buza ta bambanta da ta Keita, lissafi ya ɓaci tun daga tushe.

Shin ko kun san duniya ta taɓa sa wa kanta buri 20 a kan halittu, ba ta cika ko ɗaya ba? A 2010 ne aka tsara su a Nagoya ta ƙasar Japan, ana kiran su burin Aichi, wa'adinsu 2020. Da lokaci ya yi, rahoton yarjejeniyar ya nuna babu wanda aka cika gaba ɗaya, shida ne kawai aka ɗan taɓa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an sa buri ba a tsayar da tiyar awonsa ba. Shi ya sa da aka amince da sabon tsari na Kunming da Montreal ranar 19 ga Disamba 2022, mai manyan manufofi 4 da buri 23, aka haɗa shi da jerin ma'aunai tun ranar farko. An ci gaba da gyaran jerin a Kali ta ƙasar Kolombiya a 2024, aka kammala a Roma a Fabrairun 2025. Wa'adin da aka sa wa rahoton ƙasa na bakwai shi ne 28 ga Fabrairu 2026, na takwas kuma 30 ga Yuni 2029.

Cikin burin nan akwai na biyu, wanda ya ce kafin 2030 a sa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ƙasar da ta lalace a hanyar farfaɗowa. Mutanen Adar da Majiya sun fara wannan aiki shekaru arba'in kafin a rubuta shi.

Shin ko kun san shingen itacen kwarin Majiya ya samo asali ne daga kukan manoma? Iskar hunturu da guguwar farkon damina na kwashe ƙasar sama, su binne shuka tana ƙarama. Wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Daouda Adamou, ya nemi taimakon ƙungiyar CARE, aka fara shuka a 1975. Layi biyu-biyu na dogon yaro, wanda wasu ke ce wa bedi ko darbejiya, aka jera a gicciye da hanyar iska, tsakanin shinge da shinge mita 100. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingen ya haura kilomita 400. Abin da ya sa labarin Majiya ya zaga duniya shi ne an auna. An gwada geron da ke bayan shinge da wanda ke fili, aka ga na bayan shinge ya fi da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Da ba a auna ba, da labarin ya tsaya a bakin waɗanda suka gani.

Shin ko kun san furojen Keita an fara shi ne a 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari? Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta ba da masana, hukumar abinci ta duniya ta ba da abincin da ake biyan masu aiki da shi. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Buza da Abalak. Zuwa 2003 an lissafa fiye da hekta 34,000 na ƙasar da aka gyara, da itace kimanin miliyan 18 da aka shuka. Mafi yawan masu aikin mata ne, don maza sun tafi ci-rani. Duk wanda ya taɓa hawa dabagin Keita ya san abin da hekta ɗaya ke nufi a can: fako mai tauri kamar daɓe, dutse baƙi mai zafi, mace da gammo a kai tana jidar duwatsu tana jera gandari, wata na haƙa rami da diga, goyo a baya. Adadin da ke cikin rahoto ɗan layi ne guda, amma zufa ce ta shekara goma sha tara.

Shin ko kun san wani ƙauye na gundumar Madawa ya shiga littattafan kimiyya saboda hoto biyu? Galma ce. Akwai hoton da jirgin sama ya ɗauka a 1975, da na tauraron ɗan'adam na 2003. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, tare da Chris Reij da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou, suka riƙa jera irin waɗannan hotuna kusa da juna. A na Galma, ƙauyen ya ƙara girma, jama'a sun ƙaru, amma ɗigon baƙin da ke nuna itace a gonaki ya ninka sau da yawa. Wannan ya saɓa wa abin da ake ta faɗa, cewa yawan mutane shi ke cinye daji. Da aka faɗaɗa binciken zuwa Maraɗi da Damagaram, aka kiyasta hekta miliyan 5 da itace kusan miliyan 200 da manoma suka raya da kansu, ta hanyar barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe na gyara. Sai a ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara wannan aiki.

To ga abin da ke damuna. Shin ko kun san a ma'aunin FAO, duk waɗannan itatuwan gona ba daji ba ne? Kafin a kira wuri daji sai ya haura rabin hekta, itatuwansa su iya haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari na ƙasa, kuma kada ya zama wurin noma. Sharaɗin ƙarshen nan shi ke fitar da gawon Galma da kalgon Urno daga lissafi. Ƙasa na iya ƙara itace miliyan ɗari a gonaki, takarda ta ce dajinta na raguwa, kuma duka biyun gaskiya ne.

Shin ko kun san yanzu ana ƙirga itace ɗaya-ɗaya daga sama? A 2020 ayarin Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen ya sa kwamfuta ta duba hotunan tauraron ɗan'adam na murabba'in kilomita miliyan 1.3 a yammacin Sahara da Sahel, ta ƙirgo itace biliyan 1.8. A 2023 aka faɗaɗa aikin, aka kai biliyan 9.9 a busassun yankunan Afirka da ke arewa da tsakiyar duniya.

Amma yawan itace daban, yawan ire-irensa daban, kuma yarjejeniyar Riyo a kan ire-ire take magana. Tauraro na ganin kore, ba ya faɗa maka wannan danya ce ko dogon yaro. Dogon yaro kuwa baƙo ne daga ƙasar Indiya. Ya yi mana rana, ya tare iska, ya ba da inuwa da azara, ba mai raina shi. Sai dai kwarin da ya cika da shi bai maye gurbin kwarin da ke da tsamiya da kanya da magarya da aduwa da goruba ba. Ka zauna da wata tsohuwa a Garhanga ko Tamaske ko Allakaye, ka gaishe ta, ka ce, “Inna, waɗanne itatuwa kika sani kina yarinya da yanzu sai an yi tafiya ake ganin su?” Za ta lanƙwasa yatsu tana ƙirgawa, ta faɗa maka wanda ake miya da ganyensa, wanda ake jiƙa wa mai jego, wanda ake sassaƙa turmi da shi, da anzar da aka jiƙa kwana da kwanaki aka ci a shekarar yunwa. Ta kuma nuna maka da hannu inda kowane yake tsaye a da. Wannan ƙidaya ce cikakkiya, mai suna da wuri da lokaci. Abin da ya rage kawai shi ne ba a rubuta ta ba, kuma masu ita suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Shin ko kun san akwai koren da alamar cuta ne? Garmani ya mamaye burtali da makiyaya a wurare da dama na kudancin Nijar, ya kori ciyawar da dabba ke so. Daga sama wurin shar yake, makiyayi kuwa ya san saniyarsa za ta kwana da yunwa. Haka wata ƙaya 'yar nahiyar Amurka, Prosopis juliflora, da aka kawo don tsayar da rairayi da rufe fako, ta zama matsala a fadamu da bakin tabkuna. Buri na 6 na tsarin Kunming da Montreal ya nemi a rage shigowa da kafuwar irin waɗannan baƙin masu mamaya da aƙalla rabi kafin 2030, kuma yana da ma'auninsa.

Shin ko kun san yarjejeniyar yaƙi da hamada, da aka amince da ita a Paris ranar 17 ga Yuni 1994, tana auna lalacewar ƙasa da abu uku? Abin da ya rufe ƙasar, yawan tsiron da take fitarwa, da takin da ke cikin santimita 30 na samanta. In ɗaya ya ja baya, an lissafa wurin cikin lalatattu, ko da sauran biyun sun inganta. Shekarun 2000 zuwa 2015 su ne tushen da ake gwada kowane rahoto da shi.

Shin ko kun san mutum ɗaya da mota da littafi ya tona asirin ɓacewar ungulu? Bafaranshe ne, Jean-Marc Thiollay. Tsakanin 1969 da 1973 ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe. A 2003 da 2004 ya sake bin hanyoyin nan, a lokaci irin na da, da tsari irin na da. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kusan kashi 98 cikin ɗari a wajen gandayen da ake tsaro. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun gari, wadda muka saba gani a mahauta, cikin jerin masu daf da ƙarewa. Masu shekaru hamsin su tuna: yaushe rabon da ku ga ta cika kan rumfar mahauta ranar kasuwa? Daga jerin nan na IUCN ake fitar da ɗaya daga cikin manyan ma'aunan da kowace ƙasa za ta kai rahoto a kansu.

Shin ko kun san tabkin Tabalak, maƙwabcin Keita ta arewa, yana cikin jerin dausayin duniya? Shi da na Dan Dutsi, duka a jihar Tawa, an sa su a 2005 ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, Nijar ta shige ta a 1987. Ita wannan yarjejeniya ta fi tsaurin lafazi a wuri ɗaya: in yanayin dausayin da ke cikin jeri ya canza, ko yana shirin canzawa saboda aikin mutum, wajibi ne ƙasa ta sanar ba da jinkiri ba. Ma'aunanta ma a fili suke. Wurin da tsuntsayen ruwa 20,000 ke taruwa a kai a kai ya cancanta, haka wanda ke ɗaukar kashi ɗaya cikin ɗari na wani jinsi. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya cikin watan Janairu, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai ke hutawa a tabkunanmu.

Shin ko kun san raƙuman dawan Kure 49 kacal suka rage a 1996? Ana ƙirga su da hoto, don zanen jikin kowane daban yake, kamar zanen yatsa. Zuwa 2017 sun haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas zuwa Gadabeji ta jihar Maraɗi. Wannan shi ne misalin da nake so a kalla: ƙidaya ɗaya, hanya ɗaya, shekara bayan shekara.

Shin ko kun san albasa ma tana cikin maganar? Ire-iren halittu sun haɗa da irin shuka da na dabbar gida. Albasar Galmi, wadda kwarin Tarka na Madawa da kwarin Majiya ke fitarwa tireloli zuwa Akara da Abijan, manoma ne suka tace irinta hannu da hannu, kuma hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallaka ta yi mata rajistar sunan asali. Shanun Azawak, da jar akuyar Maraɗi, da tumaki balami su ma suna cikin maganar. Yarjejeniyar Nagoya, da ta fara aiki ranar 12 ga Oktoba 2014, ta ce wanda zai ɗauki irin wata ƙasa ya yi bincike ko kasuwanci da shi sai da izini, kuma a raba amfani. Amma ba ka kare haƙƙin abin da ba ka rubuta cewa kana da shi ba. Cikin sababbin ma'aunai akwai wanda ke tambaya ko masu haihuwa a cikin wani jinsi sun kai 500, don ƙasa da haka iri na fara rauni. Makiyayin da ke tafiya mai nisa neman bijimin da ba dangin garkensa ba ya daɗe da sanin dalilin.

Shin ko kun san a Kali aka kafa kwamiti na dindindin kan ilimin mutanen gari, wanda sashe na 8(j) na yarjejeniyar Riyo ya yi magana a kai tun 1992? An kuma ƙara ma'auni kan yadda amfani da ƙasa ke canzawa da wanda ke da iko da ita a yankunan al'ummomin karkara. A Nijar wannan na taɓa aikin kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta haifar, waɗanda ke shata burtali da makiyaya da iyakar gona.

Kowace 3 ga Agusta, ranar samun 'yanci, ana shuka itace a faɗin Nijar, ana sanar da adadi. Adadin da nake so a riƙa sanarwa tare da shi shi ne na watan Mayu mai zuwa: nawa suka tsallake rani da bakin akuya, kuma iri nawa ne.

Shin ko kun san shamuwa tana cikin tsuntsayen da yarjejeniyar tsuntsayen ruwa masu ƙaura, AEWA, ta 1995 ke karewa, kuma Nijar na cikinta? A nan take sheƙa da damina, a kan tsamiya ko gawon tsakiyar gari, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, sannan ta tafi gabashi da kudancin Afirka ta yi rani. Kowane yaro a Buza ya san zuwanta na nufin a gyara kalme da iri. Makarantar firamare ɗaya a Tama, ɗaya a Ibohaman, ɗaya a Bangi, kowace da littafi mai ganye ɗari, za su iya rubuta abu uku duk shekara: ranar da aka fara ganin ta, sheƙa nawa ta yi a garin, da itacen da ta zaɓa. Malam ya sa hannu, mai gari ya shaida, ma'aikacin gandun daji ya kwafa ya aika Tawa.